Kirarin Ɗan Kokowa a Ƙasar Madawa

Tun zamanin kakanni, a ƙauyukan Galma Kudawace da sauran ƙasar Madawa, idan aka ɗaure dammunan gero aka cika rumbuna, samari kan taru a dandali domin kokowa, kuma kafin a kama, ɗan kokowa yakan fito tsakiyar fage, da layu a damtsensa, ya ɗaga hannu sama, ya ambaci asalinsa da garinsa da mazajen da ya kayar, makaɗa suna amsa masa da ganga. Wannan shi ne kirari, kuma a ganina babbar fa'idarsa ita ce yaron da jiya ake aike kasuwa ya ji, a bainar jama'a, cewa shi ma ɗan wani ne, mai daraja.

Malamai ba su rasa abin cewa ba, domin littattafan tasawwufi, irin su Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali, sun yi gargaɗi a kan ujubu da girman kai. Amma jama'a sun bambanta alfahari da sanin ƙimar kai, tun da mai kirarin kan iya shan ƙasa nan take, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya rungumi abokin karawarsa.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, hukuma ta shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara, daga nan kuma kirarin dandalin ƙauye ya riƙa fitowa ta akwatin rediyo.