Karatun gaba da digiri a fannin akanta da haraji a yammacin Zamfara

Karatun gaba da digiri a fannin akanta da haraji shi ne ilimin da ɗalibi ke nema bayan ya kammala digirin farko ko babbar difloma ta ƙasa, domin ya ƙware a lissafin kuɗi, binciken asusu ko gudanar da haraji. Ɗaliban ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, har da na garuruwa irin su Adabka, suna samun wannan karatu ta hanyoyi biyu: ta jami'a, da ta ƙungiyoyin ƙwararru. Takardun da hanyoyin ke bayarwa sun sha bamban, haka ma aikin da kowacce ke buɗe wa mai ita.

Hanyar jami'a

Tana da matakai uku. Na farko shi ne difloma ta gaba da digiri, wadda kan ɗauki shekara ɗaya. Ita ce gadar masu babbar difloma daga kwalejoji kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da kuma waɗanda suka karanta wani fanni daban. Na biyu shi ne digiri na biyu, wanda ya kasu iri biyu: na bincike, da ake rubuta kundi a cikinsa, da na sana'a, wanda aka tsara don ma'aikata. Na uku shi ne digirin digirgir, kuma yawancin jami'o'i suna neman digiri na biyu na bincike kafin su karɓi mai son yin sa. Ana kuma buƙatar takardar bautar ƙasa ko ta ɗauke wa mutum ita.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, duk suna koyar da akanta a matakin gaba da digiri. Jami'ar Bayero tana da digiri na biyu na musamman kan haraji da gudanar da kuɗin shiga, da kuma cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci. A cikin jihar kuwa akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013.

Hanyar ƙungiyoyin ƙwararru

Digirin jami'a kaɗai ba ya ba mutum izinin sa hannu a kan rahoton binciken asusun kamfani. Wannan izini yana zuwa ne ta zama mamban ƙungiyar da doka ta amince da ita:

ICAN, ƙungiyar akantoci da dokar 1965 ta kafa. Ana shiga ta hanyar cin jarrabawarta mataki-mataki.

ANAN, wadda aka kafa a 1979, doka ta amince da ita a 1993. Tana horar da ɗalibanta a kwalejinta da ke Kwall a Jihar Filato.

CITN, ƙungiyar masana haraji, wadda aka kafa a 1982, ta samu amincewar doka a 1992. Ita ke kula da sana'ar haraji a Najeriya.

Zaɓi da aiki

Mai son koyarwa a jami'a yana buƙatar digiri na bincike. Mai son buɗe ofishin binciken asusu ko ba da shawara kan haraji yana buƙatar takardar ƙungiya. Ma'aikatan baitulmali a ƙananan hukumomi da na hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha sukan haɗa biyun domin samun ƙarin girma.

A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka sauya tsarin tattara haraji, suka kuma maye gurbin hukumar FIRS da sabuwar hukumar kuɗin shiga ta ƙasa. Saboda haka duk mai karatun haraji a yanzu dole ne ya san waɗannan dokoki, domin littattafan da aka rubuta kafin su sun ginu ne a kan tsohon tsari.