Kamfanonin lema da haɗarin bashin haraji a Birtaniya

A Birtaniya dubban ɗaruruwan ma'aikatan wucin gadi, kama daga malaman jinya da malaman makaranta zuwa direbobi da ƙwararru kan na'urar kwamfuta, ba sa karɓar albashi daga hannun wanda suke yi wa aiki. Wani kamfani ne na daban, da ake kira kamfanin lema, yake biyansu. Daga ranar 6 ga watan Afrilun 2026, idan irin wannan kamfani ya ƙi miƙa haraji, hukuma na da ikon bin waɗanda suka yi hulɗa da shi bashin kuɗin.

Mene ne kamfanin lema?

An laƙaba masa wannan suna ne saboda yakan tara ma'aikata da dama, masu aiki a wurare daban-daban, a ƙarƙashin inuwarsa. A idon doka shi ne ya ɗauke su aiki, ko da yake ba shi ne yake samo musu aikin ba.

Bisa al'ada kuɗin kan bi ta hannu uku. Kamfani ko asibitin da ke bukatar ma'aikaci zai biya kamfanin dillancin ma'aikata, dillalin kuma ya miƙa wa kamfanin lema. Daga nan sai kamfanin lemar ya cire ladansa, da kuɗin inshorar ƙasa da ke wuyan mai ɗaukar aiki, wanda tun watan Afrilun 2025 ya koma kashi 15 cikin ɗari, sannan ya yanke harajin albashi a ƙarƙashin tsarin PAYE, ya aika wa hukumar tara haraji ta HMRC. Abin da ya rage shi ne rabon ma'aikaci.

Me ya sa suka yawaita?

Tushen lamarin shi ne wata ƙa'ida da aka fi sani da IR35, wadda ta fara aiki a shekara ta 2000. Manufarta ita ce hana mutum kafa ɗan ƙaramin kamfani nasa na kansa domin rage haraji, alhali kuwa aikin da yake yi bai bambanta da na ma'aikacin albashi ba.

Da farko shi ɗan kwangilar ne yake tantance matsayinsa. Amma a shekara ta 2017 an mayar da wannan nauyi kan hukumomin gwamnati da ke ba da aikin, a watan Afrilun 2021 kuma aka faɗaɗa shi zuwa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. Gudun yin kuskure ya sa kamfanoni da yawa suka gindaya wa 'yan kwangila sharaɗin shiga ƙarƙashin kamfanin lema.

Alƙaluman gwamnatin Birtaniya sun nuna cewa a shekarar haraji ta 2022 zuwa 2023, aƙalla ma'aikata dubu 700 ne suka yi aiki ta wannan hanya, kuma aƙalla dubu 275 daga cikinsu sun ratsa ta hannun kamfanonin da ba su bi ƙa'idar haraji ba.

Wane irin maguɗi ake yi?

Da yawa daga cikin kamfanonin suna aiki bisa doka. Na ɓata-garin cikinsu kuwa an san su da dabaru uku.

Ta farko ita ce sauya wa albashi suna. Sai a biya ma'aikaci albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, a yanke masa haraji, sauran kuɗin kuma a ba shi da sunan rance ko tallafi, wanda kowa ya san ba za a mayar ba. Gwamnati ta ce a shekarar 2022 zuwa 2023 kaɗai ta yi asarar fam miliyan 500 ta wannan hanya. Sau da yawa ma'aikatan ne kan kwana a ciki: wani haraji na musamman da aka ɗora kan irin waɗannan rance a shekara ta 2019 ya shafi mutane kimanin dubu 50.

Ta biyu ita ce rarraba ma'aikata cikin ɗaruruwan ƙananan kamfanoni, domin kowanne ya ci gajiyar rangwamen da aka tanadar wa masu ƙaramin jari. Wani binciken 'yan jarida a shekara ta 2021 ya gano irin waɗannan kamfanoni fiye da dubu 48, da aka riƙa sanya sunayen 'yan ƙasar Filifin a matsayin daraktocinsu.

Ta uku kuwa ita ce a yanke harajin daga albashi, a nuna a takarda, amma a ƙi miƙa shi. Kafin hukuma ta ankara an rufe kamfanin, an buɗe wani da sabon suna.

Me sabuwar dokar ta sauya?

A kasafin kuɗin watan Oktoban 2024 ne ministar kuɗi Rachel Reeves ta bayyana shirin. A da, idan kamfanin lema ya ɓace, HMRC kan rasa wanda za ta kama. Yanzu kuwa kamfanin lemar da kamfanin dillancin da ya ƙulla yarjejeniya da mai ba da aikin, bashin yana wuyansu tare, kuma hukumar na iya karɓar dukkan kuɗin daga ɗayansu.

Shi kansa mai ba da aikin bai tsira ba. Bashin zai hau kansa idan ya yi hulɗa da kamfanin lema kai tsaye, ko idan dillalin ba ya da mazauni a Birtaniya, ko kuma idan dillalin yana da alaƙa da kamfanin lemar.

Abin da ya fi ɗaga hankalin 'yan kasuwa shi ne, dokar ba ta karɓar uzurin rashin sani. Kamfani na iya yin bincike iyakar ƙoƙarinsa, ya biya kuɗin aikin cif, amma idan harajin bai isa baitulmali ba, sai ya sake biya.

Akwai wasu haɗurran?

Akwai. Wata doka ta shekara ta 2017 ta mayar da shi laifi, idan kamfani ya gaza hana masu yi masa aiki taimaka wa wani wajen zille wa haraji, kuma tarar ba ta da iyaka. Haka nan HMRC na iya hana kamfani karɓo harajin VAT da ya biya, muddin ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, cewa cinikin na da nasaba da zamba.

Yaya kamfani zai kare kansa?

Hukumar harajin na shawartar kamfanoni da su san duk hannun da kuɗinsu ke ratsawa kafin ya isa ga ma'aikaci. Hakan ya haɗa da neman takardun albashi daga wurin ma'aikatan kansu, da gwada su da kuɗin da aka aika, da neman shaidar cewa harajin da aka yanke ya shiga asusun hukuma. Tana kuma wallafa jerin sunayen kamfanonin da take ganin suna tallata dabarun kauce wa haraji.

Daga cikin alamun da ke nuna akwai lauje cikin naɗi, akwai alƙawarin cewa ma'aikaci zai tafi gida da kashi 80 ko 90 cikin ɗari na kuɗinsa, da shigar albashi kashi biyu daga asusu daban-daban, da yawan sauya sunan kamfani a takardar albashi.

Wannan ne ya sa wasu dillalan suka taƙaita hulɗa ga 'yan kamfanonin lemar da suka aminta da su, wasu kuma suka zaɓi biyan ma'aikatansu da kansu.