Tsibiran Yauri da Tafkin Kainji: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Hau Ruwa

Mazauna Legas sun saba ganin jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska, irin na Lagos Yacht Club da aka kafa tun 1932. Sai mutum ya ɗauka yawon tsibiri sai a bakin teku. To, mu ma a gida muna da namu, a tafkin Kainji da ke tsakanin jihohin Kebbi da Neja, sai dai namu kwale-kwale ne, wani da inji, wani da filafili.

Su wane ne a tsibiran?

A Hausar wannan yanki, tsibiri shi ne gungu. Daga nan aka samo sunan Gungawa, mutanen da ke kiran kansu Reshe. Sun shahara da kamun kifi da noman albasa a bakin ruwa, suna ƙarƙashin masarautar Yauri mai hedikwata a Yelwa. Bikin Rigata na Yauri kuwa, nan ne ake nuna gwanintar tuƙi da tseren jirage.

Yadda tafkin ya samu

An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Neja a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya yi tsawon kusan kilomita 135, aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya mutu a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yanzu, shi ya sa aka gina New Bussa. Babban tsibirin Foge ma ruwa ya ci mafi yawansa. Abin da ya rage ya zama matattarar tsuntsaye, har aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008.

Lokacin zuwa

Kogin na cika sau biyu a shekara: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa da ke gangarowa daga Gini da sanyin hunturu. Da rani ruwa kan ja baya, tsibirai su fito fili. Farkon damina kuwa iska kan taso ba sallama, igiyar ruwa ta yi ƙarfi.

Inda hatsarin yake

Ka tuna, wannan tafki daji ne da gonaki da ruwa ya rufe. Kututturan itatuwa na nan a tsaye a ƙasa, ido ba ya ganinsu, jirgi na karo da su ya tsage. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya kwaso mutane sama da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka da yawa. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka, in ka zo ganin gida ka yi niyyar zagaya tsibiran:

- Nemi matuƙi ɗan gari wanda ya san hanyar ruwan.
- Sa rigar kariya, ko da ka iya iyo. Hukumar NIWA ta wajabta ta.
- Kada ka hau da dare, hukumar ta hana.
- In ka ga an lafta wa jirgi mutane da buhuna da babura, haƙura ka jira na gaba.
- In ka sauka a gungu, fara gaida mai gari kafin ka ɗaga waya kana hoto.

Wurin akwai kyau, ba ƙarya. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.