Ƙananan jiragen yaƙi na kwaikwayo masu tashi da rimot

Ƙaramin jirgin yaƙi na kwaikwayo jirgi ne da ake ƙerawa da hannu a kan siffar wani jirgin soja na gaske da ya taɓa aiki, a rage girmansa bisa ƙayyadadden ma'auni, sannan a tashe shi sama ana sarrafa shi daga ƙasa ta hanyar rediyo. Ya bambanta da jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu da ake ɗaukar hoton biki da shi, wanda kwamfutar cikinsa ke riƙe shi tsaye a sama. Shi wannan da fiffike yake tashi, sai ya yi gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, kuma da mai riƙe da rimot zai yi sakaci na daƙiƙa biyu sai ya tsince shi gutsi-gutsi. Masu wannan sana'a suna neman abu biyu da ba su cika jituwa ba: jirgin ya yi kama da na asali har zuwa lambar da ke jikinsa, kuma ya tashi lafiya ya sauka lafiya.

Asali

A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ƙaramin jirgin ruwa da yake juyawa da rediyo a birnin New York. Kai wannan dabara sama ya ɗauki shekaru, saboda nauyin na'urorin rediyon wancan zamani. Sojojin Birtaniya sun fara amfani da Queen Bee a 1935, jirgi ne mai cikakken girma da aka samo daga Tiger Moth, ana tashinsa ba matuƙi don masu harbo jirage su koyi saiti. A Amurka kuma wasu tagwaye, Walter da William Good, suka haɗa ƙaramin jirginsu mai suna Guff a ƙarshen shekarun 1930, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian. Daga nan abin ya rabu gida biyu: soja suka bi hanyar da ta kai ga jirage marasa matuƙa na yau, masu sha'awa kuma suka bi tasu.

Ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ita ke tsara gasar waɗannan jirage. Rukunin da ya fi tsauri shi ne F4C. A can alƙalai kan duba jirgin sau biyu. Da farko a ajiye shi a ƙasa, a gwada shi da zanen jirgin asali ta gaba da ta gefe da ta sama, da hotuna, da shaidar launin fenti, waɗanda mai jirgin ne zai kawo su. Bayan nan a tashe shi, a ga ko tafiyarsa ta yi kama da ta jirgin da yake kwaikwayo. Sharaɗi ne kuma wanda ya shiga gasar ya zama shi ya ƙera jirgin.

Ma'auni da lissafinsa

Ana faɗin ma'auni da kaso: ɗaya bisa goma, ɗaya bisa shida, ɗaya bisa huɗu. Jirgin Spitfire na Birtaniya faɗin fukafukansa mita 11.23 ne, saboda haka na ɗaya bisa shida zai zo mita 1.87, kusan tsayin dogon mutum. Sai dai ba komai ne ke raguwa daidai da tsawo ba. In an rage tsawo sau 6, shimfiɗar fiffike takan ragu sau 36, cikin jirgin kuma sau 216. Jirgin da ya kai tan 3, in aka bi wannan lissafi, ƙaraminsa zai yi kusan kilo 14, amma gwanaye kan yi ƙoƙari su tsaya a wajen rabin haka, domin iska ba ta ɗaukar ƙaramin fiffike yadda take ɗaukar babba. Gudu ma haka yake. Spitfire na farko yana kaiwa kimanin kilomita 580 a awa, kashi ɗaya bisa shida na wannan bai kai kilomita 100 ba. Ƙaramin jirgin da ya wuce haka sosai, ko da ya yi kyau a ƙasa, a sama zai yi ta zirga-zirga kamar zirnaƙo, ido ba zai yarda cewa jirgin yaƙi ba ne.

Nan ne wahalar jiragen yaƙi take. An ƙera na asalin don gudu da juyi, ba don sauƙin tuƙi ba. Fiffikensu yakan tsuke wajen baki, kuma idan gudu ya ragu, bakin fiffike ɗaya ne ke fara rasa iska, jirgin ya kife ta wannan gefe ba gargaɗi. Maganin da maƙera suka sani shi ne a ɗan murɗa bakin fiffiken ƙasa da digiri biyu ko uku tun wajen haɗawa, abin da ido ba ya kamawa amma iska ta san da shi.

Kayan aiki da ƙira

Itacen balsa, wanda akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, shi ne tsohon kayan wannan aiki: ba nauyi, kuma reza na yanka shi. Ana shimfiɗa zanen jirgin a kan katako, a rufe shi da leda, a yanka haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, a kafe su da allurai a kan zanen, a bi da gam. Wurin da zai ɗauki inji da tayoyi ana sa masa siririn filawud. Akwai wani itace da ya cancanci ambato a nan, wato obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, da ke tsirowa a dazukan kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru. Shekaru da dama maƙeran Ingila suna lulluɓe fukafukan jiragensu da siririn ɓawonsa. Itacen yankinmu ya daɗe yana shawagi a filayen Turai.

Yanzu farin soson nan mai tauri, irin wanda ake naɗe firiji da talabijin da shi, ya sauƙaƙa abin ƙwarai. Ana yanka shi da siririyar waya mai zafi, a goge da samfefa. Sai dai gam mai ƙarfi da fentin feshi na mota suna cinye shi nan take, dole a nemi masu haɗin ruwa.

A cikin jirgin akwai na'urar karɓar saƙo, wadda ba ta wuce kwalin ashana ba, da wasu ƙananan injina da ake kira sarbo, kowanne yana jan leɓe ɗaya: na bayan fukafukai da ke karkata jirgi, na kwance a wutsiya da ke ɗaga hanci ko sauke shi, da na tsaye da ke juya shi. Tun tsakiyar shekarun 2000 yawancin rimot suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, inda kowane rimot ke ƙulle da jirginsa. Kafin nan, mutum biyu in suka kunna zango ɗaya a fili ɗaya, jirgin ɗaya ya faɗi ke nan.

Inji iri uku ne: mai shan man metanol haɗe da man zurma, mai shan fetur na manyan jirage, da mai aiki da batirin litiyam. Kowane ɗaki na batirin yana ba da bolt 3.7, ya kai 4.2 in ya cika, kuma tashi ɗaya ba ya cika wuce minti 5 zuwa 10.

Aikin ƙarshe kafin tashi shi ne neman cibiyar nauyi. Mai jirgi zai sa yatsunsa biyu a ƙarƙashin fukafukai, wajen kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku daga gaban fiffike, ya ɗaga. In hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In wutsiya ce ta rinjaya, ba a tashi, sai an cusa dalma a hanci. Jiragen yaƙin da injinsu na asali yake da nauyi suna da gajeren hanci, don haka ƙananansu kusan kullum sai sun nemi dalma, kuma maƙerin da ya ji ciwon ƙara nauyi ya ƙi sawa, shi ne zai kwashi tarkace.

Jiragen da suka ratsa ƙasar Hausa

Kamfanonin da ke sayar da waɗannan jirage a kwali sun fi yin Spitfire da Mustang da Messerschmitt da Zero, da launukan fagagen Turai da tekun Pasifik. Mai ƙira a Nijeriya bai rasa nasa ba, kuma a ganin marubucin wannan maƙala nan ne sana'ar ta fi daraja, domin ƙaramin jirgin da aka yi da hujja tarihi ne da ake iya taɓawa.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Birtaniya suka iso Kano daga Helwan da ke kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga wannan tafiya ake ƙirga tarihin sufurin sama a Nijeriya. DH.9A mai fiffike biyu ne, sama da ƙasa, faɗinsa mita 14, jikinsa itace da yadi da wayoyi, yana ɗaukar mutum biyu. Na ɗaya bisa takwas zai zo mita 1.75. Yawan fiffikensa na sa shi tafiya a hankali, abin da ya dace da ƙaramin jirgi, amma ɗaure wayoyin da ke tsakanin fukafukan aiki ne na mai haƙuri.

A Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, Birtaniya ta riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da El Fasher da Khartum har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, Blenheim guda a gaba yana nuna hanya, jiragen Hurricane suna biye. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Hurricane na ƙasashen zafi ana gane shi da wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci, matatar da ke hana ƙura shiga inji. Wanda ya ƙera Hurricane na hanyar Kano ya bar wannan ƙullutu, ya yi wani jirgin ne dabam.

An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, ta fara da Dornier Do 27 da Piaggio P.149D. Yaƙin basasa ya kawo MiG-17 da L-29 Delfin a 1967, daga baya Il-28. A ɓangaren Biyafara, Carl Gustaf von Rosen ɗan ƙasar Suwidin ya zo da ƙananan jirage biyar ƙirar MFI-9B da aka ɗaura wa rokoki, suka kai harin farko filin jirgin Fatakwal ranar 22 ga Mayu 1969. Wasu jiragen wancan yaƙi suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda mai ƙira zai iya ganinsu ido da ido. Sai kuma Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna. Cikin duka, Do 27 ya fi sauƙi ga wanda bai daɗe da farawa ba, saboda fiffikensa a saman jiki yake, jirgin na rataye a ƙarƙashinsa yana daidaita kansa.

Hannun yin irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaran da ke fere kara su soke ɓawonsa cikin totuwa su fitar da jirgi mai farfela sun riga sun san cewa rashin nauyi da ƙarfi suna iya zama wuri ɗaya. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fizis a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota ƙirar Honda Civic, labarinsa ya zaga duniya.

Tashi, yanayi da doka a Abuja

Ba a fara koyo da jirgin yaƙi. Ana farawa da jirgin koyo mai fiffike a sama, gwani yana tsaye kusa, ko a kwamfuta. Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne idan jirgi ya juyo yana fuskantarsa, hagu da dama sukan musanya. Tsofaffin jiragen yaƙi kuwa tayarsu ta uku a wutsiya take: in an buɗe wuta farat ɗaya sai jirgin ya fizga hagu, in taya ta ci karo da tudun ciyawa sai ya dungura ta hanci ya karya farfela. Tashi da sauka duka iska ake fuskanta.

A Abuja, unguwar Gudu, maƙwabciyar Apo da Durumi, tana da amfani ga mai ƙira ta fuskar kaya. A kasuwarta ana samun waya da dalmar liƙi da sauran kayan lantarki, ga kuma masu gyaran mota da fenti na Apo a kusa. Rimot da sarbo da batir dai daga waje ake odarsu. Amma Gudu ba wurin tashi ba ce: gidaje ne a cunkushe, da manyan tituna da wayoyin wuta, kuma tana cikin birnin da ke da fadar shugaban ƙasa da barikoki. Jirgi mai kilo 6 da ke gudun kilomita 100 a awa yana iya kashe mutum. Fili ake nema a bayan gari, nesa da jama'a da hanyar jiragen da ke sauka filin Nnamdi Azikiwe, tare da yardar masu wurin.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. A zafin Maris iska takan yi sako-sako, jirgi ya buƙaci dogon gudu kafin ya ɗaga. Fenti mai duhu a kan soso yakan yi ƙuraje in an bar shi a rana, batirin litiyam da aka manta a rufaffiyar mota kuma yakan kumbura, har ya kama wuta. Da hunturu, jirgin da aka yi wa launin ƙasa-ƙasa na sahara yakan ɓace wa mai shi cikin hazo, domin fentin yana yin ainihin aikin da soja suka yi shi dominsa.

A watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙa ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Shigo da irin waɗannan jirage ma yana buƙatar takardar shaida daga wannan ofishi. Ƙaramin jirgi mai launin soja da tambarin kore-fari-kore ya fi kowane iri jawo tambaya a shingen bincike, saboda haka mai shi yakan ajiye takardunsa cikin akwatin rimot, tare da hoton jirgin asalin da ya kwaikwaya.