Daga Rijiyar Zaki Zuwa Garin Rijiyoyi: Zaman Fataken Kano a Salaga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a fitowar mujallarmu ta bana mun ga ya dace mu waiwayi wani babi na tarihin ƙasar Kano wanda dattawanmu suka ji daga bakin nasu dattawan, amma yaran yau ba su san shi ba sai a suna. Babin kuwa shi ne na fataucin goro zuwa Gwanja, da irin zaman da mutanen ƙasar nan suka yi a Salaga, wani ɗan gari da ke arewacin ƙasar Ghana ta yanzu. Dalilinmu shi ne har gobe matasanmu suna ɗaura niyyar fita neman arziki a ƙasashen waje, wani lokaci ma da kuɗin gonar gado. To, tun da ba yau aka fara tafiya ba, ya kamata mu san yadda na farko suka yi ta, da abin da suka samo, da abin da ya same su.

Manomi da damina, falke da rani

Sanin kowa ne cewa ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, wadda Rijiyar Zaki ke cikinta, ƙasa ce mai cunkoson jama'a tun zamanin da. Gona a jikin gona, ba a barin fili ya huta, sai dai a ciyar da shi da taki. Jakinmu shi ne ke kai itace da hatsi cikin birni, ya komo da mangalar taki. Da zarar an gama girbin gero da dawa, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai magidanci ya sami kansa da watanni shida ko bakwai babu aikin gona, ga kuma jaki a turke. Daga nan ne cin rani da fatauci suka samo tushe. Wasu kan tsaya a kasuwannin kusa, wasu kuwa, musamman Agalawa da Tokarawa da suka zauna a ƙauyuka da garuruwan ƙasar Kano, da Kambarin Barebari na wajen Gummi, sai suka mai da doguwar tafiyar Gwanja ta zama sana'ar gado.

Hanyar ma tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Sai dai fataucin bai kai ƙololuwarsa ba sai bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Da aka hana giya, aka kuma sami faɗin ƙasa ƙarƙashin tuta ɗaya, goro ya zama abin marmarin da malami da basarake da talaka duk suka yarda da shi. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaishe da manya. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da goro kamar kayan jaki 500 a kowace shekara.

Rayuwar ayari

Tsakanin Kano da Salaga ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe aka auna, ballantana a bi hanyar ƙafa da karkace-karkacenta. Ayari kan nufi yamma, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko kusa da nan, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya biya ta Jugu, daga nan wasu su bi ta Sansanin Mango da Yandi kafin su sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan cinye watanni da yawa, wani lokaci shekara guda cur. Ba a fita da mutane kaɗan saboda 'yan fashi. Kyaftin Hugh Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ce mutanen cikinsa, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin kaya kuma sun kai haka.

Ayari gari ne mai tafiya, yana da shugabanninsa. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan garama da kuɗin fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai limanci da rubuta wasiƙu da riƙe lissafi. Ana tashi da asuba, a yi tafiya kafin rana ta take, sannan a ya da zango kusa da ruwa. A nan za a sauke kaya, a kafa bukkokin ciyawa, a kewaye dabbobi da ƙaya saboda kura, mata su ɗora tukwane, samari su tafi yankan ciyawa da neman itace. Falke na kwana a fili wata da watanni, rufinsa sararin sama, matashinsa kayan sayarwarsa. Dole ya san taurari, ya san bishiyar da ke nuna ruwa na kusa, ya san ciyawar da ke kashe jaki, ya san mashigin da ake hayewa da ƙafa da wanda sai da kwalekwale. Wannan ilmi ne da ba a rubuta shi a allo ba, ɗa ya kan ɗauke shi a bayan ubansa, zango bayan zango.

Abin da suke ɗauka daga nan shi ne kanwa, da baƙin turkuɗi da sauran tufafin da masaƙa da marinan ƙasar Kano suka yi suna da su, da jemammun fatu da takalma, da gabu, da dabbobi. Wajibi ne kuma mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji, wato a cikin hajar da ake kaiwa har da 'yan Adam. Salaga ta kasance babbar kasuwar bayi, kuma fataken ƙasar Hausa suna cikin masu saye da sayarwa a cikinta. Tarihin da ya ɓoye wannan bai cika tarihi ba.

Zaman Salaga

Goro ba ya fitowa a Salaga. Bishiyarsa tana can kudu cikin kurmin Asante. Abin da ya ɗaukaka garin shi ne matsayinsa a bakin iyaka, inda jakin arewa ke tsayawa domin ƙudan tsando na kashe shi a kurmi, inda kuma sarakunan Asante, waɗanda suka mallaki gabashin Gwanja tun tsakiyar ƙarni na 18, suka ce baƙin fatake su dakata kada su wuce. Mutanen Asante ke ɗauko goro a ka su kawo, Bahaushe ya saya. Sarkin ƙasar ma ba a cikin Salaga yake zaune ba, yana Kpembe, ɗan nesa kaɗan. Saboda haka Salaga ta zama garin baƙi, Hausawa da Wangarawa da Barebari da Dagwambawa da Mosawa, kuma Hausa ta zama harshen kasuwa.

Falke in ya iso yakan sauka a hannun maigida, wato wani ɗan'uwansa da ya riga shi zama. Maigida ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in bashi ya shiga, a ba shi la'adarsa. Babu takarda, babu kotu, amana ce kawai jarin. Da wuri ake ciniki. In goro ya samu sai babban aiki ya fara, domin goro ɗanyen kaya ne mai saurin fushi. Za a zauna a inuwa a tsince shi ɗaya bayan ɗaya, a ware goriya, a fid da mai tsutsa, a shimfiɗa ɗanyen ganye a ƙunshe shi huhu-huhu. A kan hanyar dawowa kuma sai an riƙa kwancewa ana dubawa ana yayyafa ruwa, in ba haka ba zafin rana ya busar da ribar shekara guda.

Ga wanda ya fito daga garin da sunansa ma rijiya ne, babu abin da ya kai labarin ruwan Salaga jan hankali. Garin ba ya bakin kogi, ga shi kuwa da rani dubban mutane da dabbobi ke sauka a cikinsa. Sai mazauna suka dinga haƙa rijiyoyi da ramukan tara ruwan sama a cikin marmara, har aka riƙa yi masa kirari da garin rijiya dubu. Sayar da ruwa da itace ya zama sana'a, galibi a wuyan bayi. Ruwan kuma ba mai kyau ba ne, kurkunu ya addabi jama'a, kuma Bafaranshe Louis Binger, da ya sauka garin a 1888, ya koka da ƙazantarsa. Wasu daga cikin rijiyoyin nan suna nan, ana nuna su ga masu ziyara a matsayin shaidar zamanin bauta.

Yadda kasuwa ta watse

A watan Fabrairu na 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, mutanen Gwanja suka yi wa Asante tawaye. Asante kuwa ta rama ta hanyar da ta fi ciwo, ta karkatar da goronta zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Garin da ke rayuwa da hajar da ba shi ke noma ta ba, sai ya wayi gari babu abin sayarwa. Daga baya a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, aka watsa Salaga, baƙi suka bazu zuwa Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara. Zangunan Hausawa da yawa a Ghana daga wannan watsewa suka ƙaru.

Mutum biyu daga ƙasar Kano sun ishe mu misali. Na farko shi ne Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga ko Imam Imoru. An haife shi a Kano a 1858, ya bi hanyar fatauci ya zauna a Salaga yana karantarwa. Da garin ya watse ya koma Kete-Karachi, ya zama limami, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa kan zuwan Turawa da talauci da wadata da tarihin ƙasar Hausa, har ya rasu a can a 1934. Tsohon garin Kete-Karachi kansa ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960, amma rubutun malamin da almajiransa sun wanzu. Na biyu shi ne Alhassan Ɗantata, ɗan gidan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877. Ya je ƙasar Gwanja da Ankara yana matashi, ya gane cewa zamanin jaki ya kusa ƙarewa, ya shiga aika goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya juyo da jarinsa da saninsa gida, ya rasu a Kano a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. A wannan zamani ne kuma aka yawaita dasa irin goron Gwanja a ƙasar Yarabawa, inda har yau suke kiransa gbanja, kasuwanni irin su Shagamu suka gaje matsayin Salaga.

Waɗanda suka zauna a can ma ba su tsira ba. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Dala ba, suka hau manyan motoci suka nufo ƙasar kakanninsu. Wanda danginsa suka riƙe masa gona da kangon gida ya sami wurin sa haƙarƙari. Wanda aka sayar da nasa kuwa ya zama baƙo sau biyu. Kuma domin adalci, mu tuna cewa Nijeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka a 1983.

Abin da ya shafe mu

Ya ku 'yan'uwa, birni ya taho har ƙofar gidajenmu. Gonakin da kakanninmu suka ciyar da taki suna komawa fulotai, kuɗin kuma sau da yawa a hanya yake ƙarewa, ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, maƙwabtanmu na arewa. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Ayarin da ba shi da madugu na gaskiya, ba shi da jagaban da ya san rijiya, ƙarshensa ke nan.

Ba mu ce kada a yi tafiya ba, domin Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma arzikin Kano da yawansa a kan hanya aka samo shi. Abin da tarihin Salaga ya nuna mana shi ne falken da can ba ya fita sai da haja ko sana'a a hannu, ba ya fita sai cikin jama'ar da ta san hanya, ya san maigidan da zai sauka wurinsa, kuma ba ya sayar da gona don ya yi guzuri. Saboda haka muna kira ga wannan ƙungiya tamu da ta buɗe rajistar 'ya'yan garin nan mazauna waje, ta kafa kwamitin dattawa da duk mai niyyar fita zai nemi shawararsa, ta kuma sa matasanmu masu ilmi su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta abin da suka ji game da fatauci da cin rani, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan hanya da waɗanda suka dawo gida. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya haɗa kanmu a kan alheri. Amin.