Wally Badarou: Makaɗin Fiyano Ɗan Asalin Benin da Ya Yi Aiki Daga Bayan Fage

Gabatarwa

A al'adar kiɗa da waƙa, wanda ya riƙe makirfo shi duniya take sani. Makaɗa da 'yan amshi kuwa sai dai a ji amonsu, da wuya a tambayi sunansu. Wannan rubutu zai dubi tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Wally Badarou, ɗan asalin Jamhuriyar Benin, maƙwabciyar Nijeriya da Nijar. Ya fara a matsayin makaɗin fiyano da ake ɗauka haya, ya zama marubucin waƙoƙi, daga bisani ya zama furodusa, wato mai jagorantar aikin naɗar faifai.

Asali da Tasowa

An haifi Waliou Badarou a birnin Faris na ƙasar Faransa a shekarar 1955. Iyayensa 'yan Dahome ne, ƙasar da ta sami 'yancin kai a 1960, aka sauya mata suna zuwa Benin a 1975. Mahaifinsa, Daouda Badarou, likita ne, ya kuma riƙe muƙamin ministan harkokin waje na ƙasar. Wally ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kwatano kafin ya koma Faris, inda ya shiga harkar kiɗa.

Zamanin ya zo masa daidai. A ƙarshen shekarun 1970 aka fara samun ingantattun na'urorin sintesaiza, wato fiyanon lantarki wanda ke iya ƙirƙirar sauti iri-iri. Irin su Prophet-5, wadda ta fito a 1978, sun ba makaɗi damar tsara sauti ya adana shi don amfanin gaba. Wanda ya laƙanci wannan na'ura ya zama abin nema a situdiyo, domin shi kaɗai yana iya cike gurbin makaɗa da yawa.

Matakin Farko: Makaɗin Haya

A 1979 Badarou ya kaɗa fiyano a waƙar “Pop Muzik” ta mawaƙin Birtaniya Robin Scott, wanda ke amfani da laƙabin M. Waƙar ta kai matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka. Ba da daɗewa ba Chris Blackwell, mai kamfanin faifai na Island, ya gayyace shi zuwa situdiyon Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas.

A can Blackwell ya haɗa rukunin makaɗa daga wurare daban-daban. Akwai Sly Dunbar mai ganga da Robbie Shakespeare mai jitar bas, dukkansu daga Jamaika, sai Barry Reynolds mai jita daga Ingila, da wasunsu. Wannan rukuni ne ya yi wa mawaƙiya Grace Jones kiɗa a faya-fayanta uku: Warm Leatherette a 1980, Nightclubbing a 1981, da Living My Life a 1982. Aikin Badarou shi ne shimfiɗa sautin lantarki a kan kiɗan rege mai nauyi, ba tare da ya danne muryar mawaƙiya ba. Daga nan ƙofofi suka buɗe. An ji hannunsa a faya-fayan Gregory Isaacs da Joe Cocker da Talking Heads da Robert Palmer.

Mataki na Biyu: Marubucin Waƙa

Sai dai makaɗin haya, kome ƙwarewarsa, yawanci ladan zama ake biyansa. Idan waƙa ta yi kasuwa shekara ashirin, kaso mai tsoka na kuɗin haƙƙin mallaka yana tafiya ne ga waɗanda aka rubuta sunayensu a matsayin marubuta.

Badarou ya tsallaka wannan mataki ta hanyar ƙungiyar Level 42 ta Birtaniya. Ya san Phil Gould mai ganga da Mark King mai jitar bas tun lokacin aikin M. Tun daga faifansu na farko a 1981 yake tare da su a situdiyo, yana kiɗa yana kuma sa hannu a rubutun waƙoƙi. Yana cikin marubutan “Something About You” ta 1985, wadda ta shiga sahun goma na farko a Birtaniya da Amurka, da kuma “Lessons in Love” ta 1986, wadda ta kai matsayi na ɗaya a Jamus. Duk da haka bai taɓa zama cikakken ɗan ƙungiyar ba. Mutum huɗu ake gani a hoto, shi kuwa masoya suka riƙa kiransa mutum na biyar.

A tsakanin nan ya fitar da nasa faifan mai suna Echoes a 1984, wanda kusan dukkansa kiɗa ne zalla. A ciki akwai “Chief Inspector” da “Hi-Life”, wanda sunansa ke nuni ga kiɗan hailaif na Afirka ta Yamma. Akwai kuma “Mambo”, wanda ƙungiyar Massive Attack ta yanko ta gina waƙarta “Daydreaming” a kansa a 1990.

Mataki na Uku: Furodusa

Furodusa shi ne mai yanke hukunci a situdiyo. Shi ke cewa wannan ɗauka ta yi, waccan a sake, a ɗaga wannan kiɗa, a sassauta wancan. Badarou ya yi wannan aiki tare da Level 42 a faifan World Machine na 1985 da Running in the Family na 1987.

Wannan matsayi ne ya dawo da shi ga mawaƙan Afirka. A 1986, shekarar da aka sako Fela Anikulapo Kuti daga kurkuku, Badarou ne ya jagoranci naɗar faifansa Teacher Don't Teach Me Nonsense. Fela mutum ne da ya saba riƙe ragamar aikinsa da kansa, don haka amincewa da furodusa daga waje ba ƙaramar shaida ba ce. Masu nazarin kiɗa kan ambaci faifan saboda tsabtar sautinsa, inda ake rarrabe kowane abin busa da kowace ganga.

A 1989 aka damƙa masa jagorancin kiɗa a gagarumin faretin cika shekara 200 da juyin juya halin Faransa. A 1995 ya yi wa Salif Keita na Mali aikin faifan Folon. A 1997 kuma ya jagoranci aikin So Why? na ƙungiyar agaji ta Red Cross, wanda ya haɗa mawaƙa irin su Youssou N'Dour da Papa Wemba da Lucky Dube da Lagbaja, domin jan hankali kan ɓarnar yaƙe-yaƙe a Afirka.

Kammalawa

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin Badarou ya nuna cewa waƙar da ake jingina wa mutum guda sau da yawa aikin hannaye ne masu yawa, kuma matsayin kowane hannu shi ke fayyace rabonsa. Ya tashi daga mai karɓar lada ya zama mai haƙƙi, sannan ya zama mai faɗa a ji, alhali fuskarsa ba ta cika fitowa a bangon faifan wasu ba. Don haka ɗalibin da ke nazarin waƙa, ta zamani ko ta gargajiya, bai kamata ya tsaya ga mai rerawa kawai ba. Ya binciki wanda ya tsara kiɗan, da wanda ya rubuta, da kuma wanda aka rubuta sunansa lokacin rabon haƙƙi.