Tarihin Awon Tausayi da Takardar Tambayoyi: Nazari daga Ƙasar Gabi

Kalmar Ingilishi da ake fassarawa da tausayi ba tsohuwa ba ce. Edward Titchener, masanin halayyar ɗan Adam, shi ya ƙirƙiro ta a 1909 daga wata kalmar Jamusanci. Ma'anarta kashi biyu ce: fahimtar halin da wani yake ciki, da jin zafin abin da ya same shi. Hausa kuwa ta rarraba wannan fage tsakanin tausayi da jinƙai da juyayi da sanin ya kamata, kowanne da muhallinsa. Tun daga nan matsalar awo ta faro.

A 1950 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Kolombiya ta Amurka ta fara yi wa mutane tambayoyi a ƙasashe shida: Turkiyya, Labanan, Masar, Siriya, Jodan da Iran. Da amsoshin ne Daniel Lerner ya wallafa littafinsa na 1958 a kan gushewar rayuwar gargajiya. Daga cikin tambayoyin akwai wadda ke cewa mutum ya ɗauka shi ne shugaban ƙasa, ya faɗi abin da zai yi. Wasu ƙauyawa suka ƙi amsawa, suna ganin ba hurumin talaka ba ne. Lerner ya lissafa wannan a matsayin ƙarancin iya sa kai a matsayin wani, har ya ɗauke shi alamar rashin ci gaba. Ga Bahaushe kuwa, irin wannan nauyin baki ladabi ne.

Bayan haka aka shiga tsara ma'aunai. Robert Hogan ya fito da nasa a 1969 mai jumla 64; Mehrabian da Epstein a 1972 mai jumla 33; Mark Davis a 1980 mai jumla 28. A ma'aunin Davis ana karanta jumla, mutum ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar don nuna yadda ta dace da halinsa. Richard Brislin ya bayyana hanyar juya su zuwa wasu harsuna a 1970: wani ya fassara, wani dabam ya mayar zuwa harshen asali, a gwada a gani. Wannan hanya tana kama kuskuren kalma, amma ba ta kama bambancin ɗabi'a.

Gabi, wadda ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi kusa da iyakar Nijeriya, ƙasar manoma da makiyaya ce, kuma ta isa misali a kan abubuwa uku da ke hana irin wannan awo daidaita.

Na farko, yabon kai jahilci ne. Idan aka tambayi dattijo ko shi mai tausayi ne ƙwarai, tarbiyya ta hana shi amsawa da ƙarfi. Zai ce sai dai mutane su faɗa. Mai alƙalami ya rubuta masa matsakaicin maki, ya ba mai cika baki babba.

Na biyu, kunya da haƙuri. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ba ta nuna masa so a gaban jama'a, alhali ba wanda ya kai ta jin ciwonsa. A zaman makoki ana yabon wanda ya daure, ana ce masa ya ƙara haƙuri. Ma'aunin da ke neman bayyana damuwa a fili zai ɗauki dauriya a matsayin taurin zuciya.

Na uku, kayan tambayar. Kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin Davis ya shafi yadda mutum ke shiga rigar taurarin labari, galibi na littafi ko sinima. Wanda ya tashi da tatsuniya da labarun Annabawa yana da nasa fagen, takardar ce ba ta tambaya a kansa ba.

Masu nazarin Hausa sun bi wata hanya. A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya jero halaye goma, cikinsu har da amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci, kuma dukkansu jama'a ce ke shaidar mutum da su. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya wallafa littafi a 1986 a kan kyauta da ciniki, inda ya bi sawun gudummawar biki. Barbara Cooper ma ta tattauna bikin mata a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi. Abin da waɗannan suka duba aiki ne: wa ya je jaje, wa ya fita gayya, wa ya kai hatsi gidan maƙwabci. Zumunta a ƙafa take.

Su kansu masana halayya sun farga. A 2002 Steven Heine da abokansa suka nuna cewa mai amsa tambaya da mutanen garinsu yake gwada kansa. Mai tausayi a cikin masu tausayi sai ya ga kansa matsakaici. Duk da haka, a 2017 William Chopik da abokansa suka jera ƙasashe 63 bisa amsoshin mutum fiye da 100,000, Ikwado a sama, Lituweniya a ƙasa. Ta intanet aka tara amsoshin, da Ingilishi, wato an tace masu amsawa tun kafin a fara.

Batun ya wuce gardamar malamai, domin da irin waɗannan ma'aunai ake gwada ɗaliban likitanci a ƙasashe da dama, kuma lambar da aka manna wa al'umma tana da wuyar gogewa. Duk mai niyyar awon tausayi a Gabi ko makamanciyarta, wajibi ne ya fara da tattara kalmomin mutanen wurin, ya haɗa abin da mutum ya faɗa da shaidar maƙwabta da abin da aka gani a aikace. Wannan aiki ne na masana harshe kafin ya zama na masu lissafi.